Takalmi Mai Sheƙi: Na Fata Ne Ko Na Leda?

 Abin da nake so in yi ɗan bayani a kansa shi ne fatar nan mai sheƙi kamar madubi, wadda ake yin takalma da jakunkunan mata da ɗamara da ita. Kusan kowa ya taɓa ganinta a kasuwa ko wurin biki, wasunmu ma sun taɓa sa ta a ƙafa. Amma kaɗan ne suka san inda ta samo asali, da yadda ake yin ta, da kuma yadda mutum zai rabe ta ƙwarai da ta jabu tun bai ba da kuɗinsa ba. Ni ma da ban sani ba, sai da na yi hasara tukuna.

Ga yadda abin ya faru. Bara, sa'ad da za mu komo daga dogon hutu, mahaifina ya kai ragowar waken da ya ajiye kasuwa, ya ƙidaya mini kuɗin takalmi, ya ce, "Ka nemi mai ƙwari wanda zai kai ka ƙarshen shekara, don ba ni da halin sayen wani." Na ce to. Da na shiga kasuwa sai idona ya faɗa kan wani baƙin sau-ciki yana ta walƙiya, har ina ganin fuskata a jikinsa. Mai rumfar ya rantse mini fata ce zalla daga Italiya, kuma ba ruwana da sayen man takalmi har abada. Ga kyau ga araha, har canji ya rage mini. Ban yi wata-wata ba na biya.

Makon farko duk inda na gifta sai an dubi ƙafata, ni kuwa sai taƙama nake yi. Da hunturu ya shigo sai wani layi ya fito daidai inda yatsu ke lanƙwasawa. Layin ya zama tsaga, tsagar ta yi 'ya'ya, kafin mako uku saman takalmin ya soma ɓarewa kamar saɓar maciji. Na ɗauke shi na kai wa wani tsohon baduku da ke zama gindin darbejiya a bakin ƙofar makaranta. Na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ga takalmina na kawo a duba mini."

Ya karɓa ya juya shi, ya ƙanƙara da farce, ya sansana, sa'an nan ya ce, "Yaro, wa ya gaya maka wannan fata ce?"

Na ce, "Mai rumfar ne, Baba, har da rantsuwa."

Ya girgiza kai ya ce, "Ƙyalle ne aka shafa wa roba. Fata in ta yage a ɗinke ta, in ta bushe a ba ta mai. Wannan kuwa ba shi da magani. Akwai fata mai sheƙi ta gaskiya, na sha gyara ta, amma ba wannan ba ce. Sai ka je ka ba mahaifinka haƙuri."

Da kambas ɗin wasanni na ƙarasa wannan zango. Tun daga ranar na ƙudura sai na san gaskiyar wannan fata. Na tambayi malaminmu na kimiyya, na yi ta bincike a laburare, na kuma koma wurin Baba baduku sau da yawa. Ga abin da na samo.

MENE NE FATA MAI SHEƘI?

Da farko ya kamata mu san abin da ke sa abu ya yi sheƙi. Idan haske ya faɗa kan abu mai santsi sumul, sai ya komo gaba ɗaya ta fuska guda. Shi ya sa kake ganin fuskarka cikin ruwan randa in ya kwanta. In ka kaɗa ruwan kuwa, sai hasken ya warwatse, fuskar ta ɓace. Ita fata tana da ƙananan ƙofofi inda gashi ya tsiro, da tudu da kwari waɗanda ido ba ya gani sosai, saboda haka ba ta sheƙi da kanta sai an yi mata dabara.

Dabarun iri uku ne. Ta ɗaya ita ce guga, watau a yi ta murza fuskar fata da abu mai santsi har ta kwanta. Baba baduku da gindin kwalba yake yi, a masana'anta kuwa akwai injin da ke murza fatar akuya da mulmulallen gilashi. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce gare mu, domin da bugu ake sa turkuɗi da rawanin ɗan Kura su yi sheƙi. Ta biyu ita ce man takalmi, irin wanda muke shafawa daren Juma'a don duba tsabta na ranar Asabar. Kakin da ke cikin man shi ke toshe ƙofofin, amma kwana biyu ya gushe sai an sake. Ta uku ita ce shafe, watau a lulluɓe fuskar fata da wani abu mai ruwa-ruwa wanda in ya bushe zai daskare ya zama kamar gilashi, ya kuma zauna din-din-din. Wannan ta ukun ita ce fata mai sheƙi da muke magana a kai. Ashe ke nan abin da ido ke gani shafen ne, fatar tana ƙarƙashi a ɓoye. Mai karatu ya riƙe wannan, domin duk sauran bayanin a kansa ya dogara.

ASALINTA

Tun dubban shekaru mutanen Sin da na Japan suke tatsar ƙaron wani itace na ƙasarsu, suna shafa wa akwatuna da akusa, su fito baƙi wuluk ko ja wur, suna ɗaukar ido. A ƙarni na 17 jiragen fatake suka riƙa kai irin waɗannan kaya Turai, masu kuɗi suna rububinsu. Da yake itacen ba ya ƙasarsu, sai masu sana'a na Turai suka shiga kwaikwayo da mai da ƙaro irin nasu, suna shafa wa katako da kwano suna gasawa. Birnin Birmingham na Ingila ya shahara ƙwarai da wannan sana'a a ƙarni na 18.

To, shafa wa katako abu ne mai sauƙi, tun da katako ba ya lanƙwasawa. Wuyar aikin ita ce a sami shafen da zai bi fata ya lanƙwasa bai tsage ba. A 1793 wata mujalla ta Birtaniya ta ba da labarin wani mutumin Birmingham mai suna Hand, wanda ya gano hanyar gyara fata ta yi sheƙi, ruwa ba ya ratsa ta, in ta yi dauɗa kuma soso kawai za a sa a goge. A 1799 Edmund Prior na Landan ya fito da tasa hanyar ta shafa wa fata launi. A 1805 kuma Charles Mollersten ya zo da wani haɗi na man linsid da kitsen doki da man wata ƙatuwar dabbar teku da kunkunniyar fitila.

Kowane ɗaya daga cikin mutanen nan uku ya karɓi wata takarda daga hukuma. Ita wannan takarda akan ba wanda ya ƙago sabon abu ne, don kada wani ya kwaikwaye shi ya ci riba sai bayan wasu shekaru. Sunan takardar da Ingilishi fetent, shi ya sa har yau Ingilishi ke kiran fatar fetent leda. Faransawa da Jamusawa kuwa sunan shafen suka laƙaba mata.

SETH BOYDEN

Mutumin da aka fi ambata in ana tarihin wannan fata shi ne wani Ba'amurke mai suna Seth Boyden, wanda aka haifa a 1788. Bai yi karatu mai zurfi ba, amma Allah ya ba shi basirar ƙere-ƙere. A 1815 ya koma garin Newark cikin jihar New Jersey, ya tafi da wani injin tsaga fata. A 1818 wani ɗan guntun fata mai sheƙi da aka yi a Jamus ya shigo hannunsa. Ya zauna ya yi ta nazarinsa, yana gwada haɗi iri iri, har ya dace da nasa shafen na man linsid wanda ake yi hawa-hawa. A 1819 ya soma yin fatar don sayarwa. Kafin a jima sana'ar ta bunƙasa, Newark ta zama babbar cibiyar fata mai sheƙi a Amurka.

Abin mamaki, Boyden bai taɓa karɓar takardar nan ta fetent a kan hanyar da ya gano ba, ko da yake sunan takardar ne fatar ke ɗauke da shi. Kowa ya ga dama ya ɗauki dabarar, wasu suka yi arziki da ita, shi kuwa ya wuce ga wasu ƙere-ƙeren, har da wata hanyar sarrafa ƙarfe da ya gano a 1826. Ya rasu a 1870 bai tara wata dukiya ba. A 1890 mutanen Newark suka kafa mutum-mutuminsa a wani dandali na garin, sanye da warkin aiki, yana tsaye kusa da maƙera.

YADDA AKE YIN TA

Sirrin hanyar da can yana ga man linsid. Ana tatsar wannan mai ne daga 'ya'yan tsiron da ake saƙa yadin lilin da zarensa. Malaminmu ya bayyana mana cewa man nan ba ya bushewa kamar yadda ruwa ke bushewa. Shi iskar oksijin yake zuƙa daga sarari, sai ƙwayoyinsa su sarƙe da juna, ya zama wata fata-fata mai tauri. Man gyaɗa ba ya yin haka, ko ka shanya shi wata guda maiƙo zai ci gaba da yi.

Bayan an jeme fata, sai a miƙe ta a kan katako a kafe da ƙusoshi. A dafa man har ya yi kauri, a gauraya shi da kunkunniya, a shafa hawa na fari. Daga nan sai a sa fatar cikin ɗaki mai zafi ta bushe, a fito da ita a goge da dutse mai kaushi mara nauyi, irin wanda ake samu wajen duwatsu masu aman wuta. A sake shafawa, a sake gasawa, a sake gogewa, kowane hawa ya fi na bayansa tsinkewa. A hawa na ƙarshe akan dafa man da wani shuɗin gari don baƙin ya ƙara zurfi. Sa'an nan a shanya fatar a rana don danƙon da ya rage ya gushe. Aikin yakan ci makonni, shi ya sa fatar take da tsada, kuma galibinta baƙa ce.

Yanzu kuwa hanyar ta sake. Tun wajen tsakiyar ƙarni na 20 sinadaran roba suka maye gurbin man linsid, musamman wanda ake kira foliyuritan. Fatar maraƙi ko ta saniya aka fi amfani da ita, wadda aka jeme da gishirin kurom maimakon bagaruwa. Akan kankare fuskarta ta yi sumul, a shafa hawa na fari mai kama jikin fata, a bi da hawa mai launi, a rufe da hawa garai-garai mai sheƙi. Akwai injin da ke zubo shafen kamar labule, fatar tana wucewa ta ƙarƙashinsa. Babban abokin gaban wannan aiki shi ne ƙura, domin ƙwaya ɗaya in ta faɗa kan ɗanyen shafe ta zauna ke nan har abada. Saboda haka ɗakunan a rufe suke, iskar da ke shiga ma tacewa ake yi. Da wannan sabuwar hanya ana samun kowane launi, ja da fari da kore da ruwan hoda, kuma shafen ya fi na da jure lanƙwasa.

AMFANINTA WAJEN ADO

Tun da fari ba takalmi kaɗai ake yi da ita ba. A zamanin keken doki an yi amfani da ita ƙwarai wajen kayan dawaki da jikin keken, saboda ruwan sama ba ya ɓata ta. Sojoji ma sun so ta. A 1842 rundunar Furusiya, ƙasar da wani ɓangarenta yake cikin Jamus ta yanzu, ta fito da kwalkwali na baƙar fata mai sheƙi da tsinin ƙarfe a ka, ba a bar shi ba sai a 1916, cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, da aka ga ba ya tare ɓarɓashin bom. A ƙasar Sifen akwai rundunar tsaro da aka kafa a 1844, wadda aka sani da baƙar hularta mai sheƙi mai ƙusurwa uku, har yau kuma suna sa ta a ranakun fareti. Ko a nan ƙasar, in ka dubi bakin hular hafsan soja ko na ɗan sanda za ka ga irin wannan sheƙi, ko da yake na yanzu galibi roba ne.

Wajen maza, al'adar Turawa ce in za a je babbar liyafar dare a sa baƙar kwat da farar riga da baƙin takalmi mai sheƙi. An ce dalili shi ne man takalmin zamanin da yakan ɓata gefen rigunan mata wajen rawa, ita kuwa wannan fata ba ta bukatar mai. Har yau masu jagorar manyan ƙungiyoyin kiɗa da angwaye da yawa suna bin wannan al'ada.

Wajen yara mata, akwai takalmin nan mai faɗin baki da maɗauri guda ɗaya a kan ƙafa, wanda ƙannenmu ke sawa ranar Salla. Sunansa Mary Jane, sunan wata yarinya ce cikin wani zanen barkwanci da aka soma bugawa a jaridar Amurka a 1902. A 1904 wani kamfanin takalma mai suna Brown Shoe Company ya sayi izinin amfani da sunayen zanen, sunan ya bi takalmin har yau.

Wajen manyan mata kuwa, shekarun 1960 su ne lokacin da sheƙi ya yi tashe ƙwarai. A 1963 wata mai zanen tufafi ta Landan, Mary Quant, ta fito da riguna na roba masu kama da jiƙaƙƙu. A 1965 wani Bafaranshe, Roger Vivier, ya zana baƙin takalmi mai sheƙi da ƙaton ƙarfe mai ƙusurwa huɗu a gaba. Da 'yar wasan nan Catherine Deneuve ta sa shi cikin wani fim na 1967, sai matan Turai suka yi ca a kansa. A 1998 kamfanin Louis Vuitton na Faransa ya fito da jakunkuna na fatar maraƙi mai sheƙi launi-launi. Irinsu ne, ko kuwa kwaikwayonsu, muke gani cikin lefe a yau.

SHIGOWAR LEDA

Da mutane suka ƙware wajen yin shafen roba, sai wata dabara ta zo musu. Tun da shafen ne ido ke gani, me zai hana a shafa shi a kan abin da ya fi fata araha? A 1963 kamfanin DuPont na Amurka ya nuna wa duniya wata fatar kanti da ya kira Corfam, aka soma sayar da takalmanta a 1964. Kamfanin ya kashe kuɗi masu yawa wajen talla, amma masu saye suka yi ta kuka cewa takalmin ba ya sakewa ya bi siffar ƙafa kamar na fata. Ga kuma wata roba mai suna PVC, dangin wadda ake bututun ruwa da ita, ta shigo da araha fiye da tasa. A 1971 kamfanin ya daina yin Corfam. Duk da haka sunan bai mutu ba, sojojin Amurka har yau da shi suke kiran takalmin faretinsu mai sheƙi.

Harshenmu ma ya adana wannan labari. Kalmar leda daga Ingilishi muka aro ta, kuma can ma'anarta fata. Amma da yake abin da aka riƙa kawo mana da wannan suna na roba ne, yau in Bahaushe ya ce leda, to, jakar zuba kayan miya yake nufi, ko shimfiɗar tsakar ɗaki.

YADDA ZA A RABE SU

Takalma masu sheƙi da ke kasuwa hawa uku ne. Na ɗaya, cikakkiyar fata da aka yi wa shafe, shi ne mai tsada da ƙarko. Na biyu, akan tsaga fatar saniya gida biyu ta kaurinta, a ɗauki ɓarin ƙasa mara ƙwari a manna masa fallen roba. Na uku, ƙyalle da shafen roba, babu fata ko ta ƙwabo, watau irin nawa. Daga nesa duk ɗaya suke. Ga hanyoyin da Baba baduku ya koya mini, da wadda na samo a karatu:

1. Kada ka tsaya kan fuskar takalmi, leƙa cikinsa. Ɗaga harshensa ko gefen shafin ciki ka dubi bayan abin da aka yi shi da shi. Bayan fata yana da gashi-gashi mai laushi, na jabu kuwa saƙa za ka gani ko soso.

2. Dubi bakin yanka, wajen ramukan igiya ko ƙarshen maɗauri. A fata za ka ga zaruruwa sun cuɗe da juna, a leda za ka ga hawa biyu a fili, roba sama ƙyalle ƙasa.

3. Sansana cikinsa. Warin jima daban, warin roba daban.

4. Danna shi da yatsa wajen lanƙwasar yatsu. In ka ga shafen ya yi fari ko ya ɗago, ajiye shi. Shafen roba yakan ruɓe in ya daɗe a ajiye wuri mai laima ko da ba a taɓa sa shi ba, saboda haka a yi hattara da na gwanjo da wanda ya kwana biyu a kanti.

5. Nemi alama. A 1994 Tarayyar Turai ta zartar da dokar da ta tilasta a nuna abin da aka yi takalmi da shi, samansa da cikinsa da tafinsa. Zanen shimfiɗaɗɗen buzu yana nufin fata. Zanen buzu da ɗan murabba'i tsaye kan ƙusurwarsa a tsakiya yana nufin fata mai kaurin shafe, wanda ya wuce milimita 0.15 amma bai wuce sulusin kaurin fatar ba. Murabba'in shi kaɗai yana nufin roba ko wani abu daban, zanen saƙa kamar tabarma kuma ƙyalle ke nan. Sai dai mai yin jabun takalmi ba zai kasa yin jabun alama ba, don haka a haɗa da hannu da hanci.

YADDA AKE KULA DA ITA

Ko ta gaskiyar ma tana da nata aibi. Da yake an toshe ƙofofinta, ruwa ba ya shiga, gumi kuma ba ya fita, saboda haka wanda ya yini da ita cikin zafin bazara ƙafarsa za ta gaya masa. Sanyi yana sa shafen ya ƙage, zafi mai yawa yana sa ya yi danƙo. In kuwa ya tsage ba ya ɗinkuwa. Takalmin biki ne da fareti, bai dace da zirga-zirgar kullum tsakanin ɗakin kwana da aji da gonar makaranta ba.

Wanda ke da shi ya goge ƙura da tsumma mai laushi mai ɗan laima, ya bi da busasshe. Kada ya sa buroshi, don zai karce shi, kada kuma ya sa man takalmi, don ba ya shiga, dusashe shi kawai zai yi. Ɗan basilin kaɗan ya isa, a shafa a goge tas. Fetur da kananzir da ruwan goge jan farce duk suna cin shafen. Da safiyar hunturu a ɗan ɗumama shi da tafin hannu kafin a sa. In za a ajiye, a cusa masa farar takarda don kada ya lotsa, a sa kowace ƙafa cikin jakar ƙyalle, nesa da rana. Kada a naɗe shi da jarida ko a jingina fari da baƙi, domin shafen yana shan launin abin da ya manne da shi, in ya sha kuwa ba ya fita.

MU DA FATARMU

Wani abu da ya ba ni kunya cikin wannan bincike shi ne, na bar fata a gida na je na sayi ƙyalle don an ce daga Italiya yake. Alhali kuwa ƙasar Hausa ta daɗe da suna wajen jima da dukanci. Majemanmu da bagaruwa suke jima, dukawa su rina ja da karan dafi, baƙi da kuloko. Fatar jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana cikin fatun da duniya ta fi daraja. Da can ayari ke ƙetare Sahara da ita, Turawa su saye ta ta hannun mutanen Maroko, har suka riƙa kiranta fatar Maroko. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda ake fitar da takalman Kano zuwa ƙasashe masu nisa.

Har yanzu akwai masana'antun jima a Sharaɗa da Challawa da Bompai cikin Kano, kuma fata mai yawa daga can ake kai ta ƙasashen waje, irin su Italiya da Sifen, a yi takalma da jakunkuna masu tsada da ita. Aikin ƙarshe, watau na shafe da zane da ɗinki, shi ne mai riba, shi ne kuma muka bar wa wasu. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnati ta koyar da ilmin fata da bincike a kansa. Ina ganin ya kamata wasunmu masu son kimiyya su sa ta cikin lissafinsu in sun gama aji shida. Boyden ma ai da ɗan guntun fata guda ya fara.

Da na koma gida hutu na faɗa wa mahaifina gaskiya, na nuna masa takalmin. Ya daɗe yana dubansa bai ce kome ba, wannan shirun kuwa ya fi mini bulala zafi. Can ya ce, "Araha ba ta ado. Gobe in za ka saya ka tafi da wanda ya sani." Takalmin da nake sawa bana Baba baduku ne ya auna ƙafata ya ɗinka da fatar saniya. Ba ya sheƙi sai na goge shi, amma ga shi mun shiga zango na uku ko zare bai tsinke ba.

Saboda haka ina roƙon 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda aka ba kuɗin takalmi ya tuna da wahalar da aka sha kafin a same su, ya leƙa ciki kafin ya biya. Iyayenmu kuma, in za a haɗa lefe ko kayan Salla, a taimaka a duba wa yara.